Yadda Ake Shirya Mota Don Gasar Sauti a Kano

Kusan duk yaron da ya shigo garejina da maganar gasar sauti, da kwalin wufa, wato babbar lasifikar bas, yake shigowa a ka, an rubuta 5000W ɓaro-ɓaro da jan fenti, yana ta murmushi kamar ya riga ya ɗauki kofi. Nakan ce masa ya ajiye kwalin nan a gefe, ya buɗe min bonet. Na daɗe ina haɗa wayar mota, na shiga irin gasar da muke yi tsakanin garejoji, na ci, an kuma sha kayar da ni. Abin da na gani da idona shi ne wutar motarka da akwatinka su ne ke kai ka gaci. Wufa ita ce ta uku. To ƙanena, gyara zama.

Gasar iri biyu ce. Akwai ta ƙara, wadda ake kira SPL: a manna mita a cikin mota, a rufe ƙofofi, wanda lambarsa ta fi yawa a ma'aunin desibel shi ya ci. Akwai ta daɗin sauti, wato SQ: alƙali ya zauna a kujerar direba ya saurara ya ba da maki. Ƙungiyoyin da suka tsara dokokin abin a duniya su ne irin su IASCA da aka kafa a Amurka a 1987, da dB Drag Racing ta Wayne Harris, da EMMA ta ƙasashen Turai. Dokokinsu suna intanet kyauta, kuma ko gasar abokai za ku yi a bayan gari, gara ku ɗauki ɗaya daga ciki ku bi, don rigimar "ai ni na ci" ta mutu tun kafin a fara. Yawancin maganata a kan ta ƙara ce, don ita samari suka fi so, ita ce kuma ta fi ƙona wa mutane dukiya.

Kayan da za ka tanada

Rediyon mota mai ƙofofin RCA a baya, wato inda ake jona wayar sauti zuwa amfilifaya. Amfilifaya ta wufa, samfurin Class D, don ta fi tattalin wuta. Wufa ɗaya ko biyu, inci 12 ya ishi mai koyo. Waya mai kauri, lamba 0 ko aƙalla lamba 4, ta jan ƙarfe zalla. Fiyus babba da gidansa. Batir mai lafiya, in da hali samfurin AGM. Katakon MDF mai kaurin milimita 18, da farin gam na kafinta, da sukurori, da silikon. Bututun roba na famfo, inci 4 ko 6. Mitar awon wuta ta hannu. Filas mai ɗauke da sautukan gwaji daga 30Hz zuwa 70Hz, kowanne daban (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba ta fi kauri). Abin toshe kunne. Sai littafi da biro, kuma kada ka raina su.

Kayan sauti ka zaga Sabon Gari, katako ka nufi 'Yan Katako a Na'ibawa, bututu da kayan ƙarfe Ƙofar Ruwa. Amfilifaya 'yar kwatano mai suna ta fi sabuwa fil marar asali, amma kada ka biya kuɗi sai an haɗa ta an kunna a gabanka, ka kuma shinshina ramukan iskarta. In ka ji ƙauri, ajiye musu kayansu.

1. Ka san rukuninka kafin ka sayi ko ƙusa

Ba a haɗa mai wufa ɗaya da wanda ya cire kujerun baya ya gina bangon lasifika. Ana raba mutane ne bisa yawan wufa da girmansu, ko ƙarfin amfilifaya, ko irin gyaran da aka yi wa motar. Ka tambayi masu shiryawa: wufa nawa aka yarda, batir nawa, za a iya kwantar da kujerar baya, inji a kunne ko a kashe? Akwai wani tsari na dB Drag mai suna Bass Race da na fi so wa sabon shiga. Kiɗa ake sakawa na daƙiƙa 30, a ɗauki matsakaicin ƙara, kowane rukuni da iyakarsa, kamar 129.9 ko 139.9, wanda ya tsallake iyakar ya faɗi. A nan iya sarrafa hannu ke aiki, ba nauyin aljihu ba.

Ita kanta motar tana da tasiri. Golf ko Vibe da but ɗinsu ke haɗe da ciki sun fi 406 ko Corolla sauƙin sha'ani, don a 406 da Corolla kujerar baya da ƙarfen bayanta suna tare sautin.

2. Wuta

Nan ne zan daɗe, don nan ake faɗuwa. Kada ka kula da lambar da aka rubuta MAX ko PMPO a kwali, ta talla ce. RMS kaɗai za ka duba, wato ƙarfin gaskiya da ake iya ɗorewa a kai. Yanzu yi lissafi da ni. Amfilifaya mai wat 1000 na gaskiya, ko da Class D ce, wajen kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja take mayarwa sauti, saura zafi ne. Ke nan za ta ja wat 1250. Raba da bolt 14 na mota mai aiki, ka samu amfiya kusan 90. Altanetar ƙananan motocin da muke hawa ba ta wuce nan da yawa ba, ga shi motar ma tana cin nata: fitila, fanka, na'urar sanyi. Shi ya sa kake ganin fitilar wasu tana lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, kamar mai gyangyaɗi a aji.

Abu na farko, ka ƙara waya mai kauri a wurare uku: daga altaneta zuwa kan batir na fozitib, daga kan batir na negetib zuwa bodin mota, daga inji zuwa bodi. Kada ka cire tsofaffin, ɗora sababbin a kansu. Wannan aikin shi ya fi komai arha, shi ne kuma ya fi komai amfani.

Na biyu, fiyus. Ka sa shi kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya, wato inci 18. Ba amfilifaya yake tsarewa ba, wayar yake tsarewa. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe ka sa mata zoben roba. Waya mai lamba 0 da ta goge ta taɓa bodi babu fiyus, walda ce take yi, kuma tankin mai yana ƙasan kujerar baya. In ka ƙara batir na biyu a but, fiyus biyu za ka sa, ɗaya a kowane ƙarshe, sannan ka ɗaure batirin da ƙarfe, ba da igiyar roba ba.

Na uku, wayar bodi ta amfilifaya. Gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, ka kankare fenti har ƙarfe ya yi fari sol kafin ka ɗaure noti.

Sai maganar jabun waya. Na taɓa sayen wata a wani shago, ja jawur, kauri kamar rake, na yi murna da arha. Ranar gwaji na taɓa ta na ji ta yi ɗumi kamar an ajiye ta a rana, mita kuma tana nuna 14.2 a gaba, 12.6 a but. Da na kankare silin guda da reza sai ga fari a ciki: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka gwada tun a shago. Ka ɗaga ka ji nauyi, ta gaskiya tana da nauyi a hannu. Ko ka kunna wa silin ɗaya ashana, na alminiyom nan take zai lanƙwashe ya zube. In ita kaɗai aljihunka zai iya, to ja layi biyu maimakon ɗaya.

Ga lambobin da za ka haddace. Lafiyayyen batir a kashe 12.6. Inji a kunne 13.8 zuwa 14.4. In kana buga sauti ka ga mita ta sauka ƙasa da 12 a bakin amfilifaya, rage murya, wutarka ba ta kai ba. Kafasita kuwa, wannan gwangwanin mai lambobi masu walƙiya, ba ya haifar da wuta. Ado ne a wurina, kuɗinsa ka ƙara ka sayi batir.

3. Haɗa wufa da amfilifaya

Yawancin wufar gasa naɗin waya biyu gare su a ciki. In an rubuta D4, kowane naɗi om 4 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta). Ka haɗa fozitib da fozitib, negetib da negetib, ka samu om 2. D4 guda biyu da aka haɗa duka haka suna ba da om 1. D2 guda ɗaya ma om 1 take bayarwa. Duba jikin amfilifayarka ka ga mafi ƙanƙantar om da take ɗauka, kada ka sauka ƙasa da shi don wani ya ce tasa ta jure. Bayan ka haɗa, auna da mita kafin ka jona. Za ta nuna ƙasa kaɗan da lissafin, ba matsala. In wufa biyu ne, taɓa wayoyin da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5: dukkansu su turo waje tare. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, suna kashe wa juna sauti, juya wayar ɗaya.

4. Akwati

Wufa mai araha a akwati mai kyau tana kayar da mai tsada a akwatin banza, na gani ya fi a ƙirga. Akwatin da ake sayarwa haɗaɗɗe a kasuwa, mai kafet da gilashi da fitila shuɗiya, ba a auna shi da wufarka ba.

Akwati rufaffe ƙarami ne, sautinsa tsaf, shi masu SQ suka fi so. Na gasar ƙara mai rami ne. Girman da ya dace yana takardar wufar ko shafin kamfanin, yawanci inci 12 guda tana son lita 45 zuwa 70 a mai rami. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi na ciki da santimita, raba da 1000. Misali 80 sau 40 sau 35 ya ba ka lita 112, sai ka cire wurin da bututu da gindin wufa suka cinye. Akwai manhaja kyauta mai suna WinISD da ke fitar maka da tsawon rami in ka ba ta lambobin wufar.

Ka tsaya a kan kafinta yana yanka, don shi ya saba da kabad, santimita ɗaya ba komai ba ce a wurinsa. Gam a kowace gaɓa, sannan sukurori, kuma a fara huda da siririn diril don MDF yana tsagewa. Fuskar da wufa za ta zauna a ninka ta biyu. A sa tokara a ciki, domin duk bangon da ke rawa ƙara yake sace maka. A bi gaɓoɓin ciki da silikon, a bar shi ya kwana ya bushe kafin a ɗaura wufa. In babu MDF, filawud mai kauri ya yi, amma ban da allon nan na dusar katako, marmashewa yake yi.

Dokar rami ɗaya ce: dogo yana saukar da sautin akwati, gajere yana ɗaga shi. Shi ya sa nake son bututun famfo, kana iya yanka shi kaɗan-kaɗan. Kada ya zama siriri, in ba haka ba za ka ji yana fito kamar buta. Ga wata dabara ta gano inda akwatinka ya tsaya ba tare da na'ura ba. Kwantar da shi wufa na kallon sama, zuba 'yan ƙwayoyin gero a kanta, ka riƙa saka sautukan gwaji ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar murya. Za ka ga geron yana tsalle, yana tsalle, sai a wata lamba ya lafa, iska kuma tana fita ta rami da ƙarfi. Wannan lambar ita ce ta akwatinka. Na yawon yau da kullum 32 zuwa 35Hz ake so. Na gasa yakan fi haka sama, kusa da lambar motar, wadda za mu zo kanta. Ni bututu biyu nake da su, na gida da na fili.

Ƙasa da lambar akwati wufa ba ta da abin da ke riƙe ta, dukan iska kawai take yi har ta yage. Ka saita matatar SUBSONIC ta amfilifaya, mai tare sautukan da suka yi ƙasa da yawa, 'yar ƙasa kaɗan da lambar.

5. Saita maɓallin GAIN

Wannan maɓallin ba na ƙara murya ba ne, na daidaita rediyo da amfilifaya ne. Wufata ta farko a nan na kashe ta. Na murɗe shi ƙarshe ana saura mutum biyu a kira ni, don wani ya ce min haka ake yi. Daƙiƙa kaɗan sautin ya tsage, sai wani ƙauri kamar na janareta da ya ƙone, hayaƙi siriri na fita ta rami, yaran da ke leƙe suna tafi sun ɗauka cikin wasan ne.

Ga yadda ake yi. Cire wayar wufa daga amfilifaya. Kashe duk wani ƙarin bas a rediyo da amfilifaya. Kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. Sa sautin 50Hz. Juya mitarka zuwa AC, ɗora a bakin da wufa ke shiga. Lambar da kake nema ita ce wadda in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wat sau om. Wat 1000 a om 1, bolt 31.6 ke nan. Wat 1000 a om 2, bolt 44.7. Murɗa a hankali har mita ta kai nan, ka tsaya, ka ɗiga alama da fenti. In wufarka ba ta kai ƙarfin amfilifayar ba, yi lissafin da RMS na wufar. Wannan murya ta uku cikin huɗu ita ce iyakarka daga yau.

Kuma ka san wannan: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, a takarda ma ke nan. Daga 140 zuwa 150 ƙarfi ninki goma ake buƙata. Don haka 'yar murɗawar da za ka ƙara a ɓoye ba za ta ba ka ko rabin desibel ba, wufar kawai za ta ci.

6. Nemo lambar motarka

Kowace mota da sautin da take amsawa fiye da sauran, kamar yadda kowace tulu da irin kukanta in ka hura. Yawancin ƙanana tsakanin 40 da 60Hz suke. Rufe ƙofofi da gilasai, ajiye murya wuri ɗaya, bi sautukan ɗaya-ɗaya, kowanne daƙiƙa biyu ko uku, kana rubutawa. Mitar da manyan gasa ke amfani da ita sunanta Term-Lab, ana manna ta a gilashin gaba ta ɓangaren mai zaman banza. In wani yana da irinta, biya shi ka yi awa ɗaya, ya fi ka sayi sabuwar wufa. In babu, manhajar waya za ta ɗan nuna maka hanya a ƙaramar murya kawai, don kunnen waya yana ƙurewa tun kafin a je ko'ina. Wanda ya nuna maka 150 a wayarsa, yi masa murmushi kawai.

Daga nan sai wasa da abubuwa, guda ɗaya a lokaci ɗaya. Juya akwati ya kalli baya, auna. Ya kalli sama, auna. Matsar da shi inci biyu daga ƙofar but, auna. Kwantar da kujerar gaba, sauke makarin rana, auna. Ɗaya zai ba ka 0.3, wani 0.5, kuma da irin waɗannan ake cin gasa. Duk inda iska ke zurarewa ko ƙarfe ke kaɗawa asara ce: sauya robar ƙofa da ta mutu, manna takardar kashe rawar ƙarfe a murfin but da rufi, sa soso a bayan lambar mota.

Kada ka yi gwajin nan a cikin unguwa. Bas yana ratsa bango, tsoho mai hawan jini da jariri ba su san kana shirin gasa ba, kuma akwai dokar hana hayaniya ta ƙasa tun 2009. Fita bayan gari, nesa da masallaci da asibiti da makaranta, in an kira salla ka kashe.

7. In SQ ce ta fi burge ka

A nan lasifikan gaba su ne komai, wufa rakiya ce. Alƙali yana so ya rufe ido ya ji mawaƙi a tsakiyar dashbod, mai kalangu a gefe guda, mai goge a ɗaya gefen, ba kowa ya taru a ƙofar direba ba. Tunda lasifikar hagu ta fi kusa da kunnenka, sai a jinkirta ta da na'urar sarrafa sauti mai suna DSP. Sauti yana tafiyar santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka auna nisan kowace lasifika zuwa kanka da tef ka shigar. Ana kuma ba da maki a kan tsaftar aiki, waya a jere, fiyus a wurinsa. Ɗauki hoton kowane mataki tun kana haɗawa, don alƙali ba zai kwance kafet ba.

8. Ranar gasa

Cika batir da caja tun dare. Je da wuri ka kama inuwa. Zafin Kano na watan Afrilu yana haura digiri 40, cikin but ɗin da ya sha rana kuwa tanda ce. Naɗin wayar wufa in ya yi zafi yana ƙin karɓar wuta, lambarka ta sauka, amfilifaya ma tana iya kashe kanta. Bar but a buɗe har a kira ka. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, hure ramukan amfilifaya kafin ka fito.

Abokai za su taru, "Oga, ɗan taɓa mana mu ji." Ka ce musu bayan an gama. Duk bugun da ka yi kafin layi, daga makinka ka cira.

Riƙe fiyus na ko-ta-kwana, da sifana, da tef, da abin kashe gobara. Filas ɗinka ya zama sautin da za ka buga shi ne na farko, kada ka tsaya lalube agogo na tafiya. In an yarda inji ya yi aiki, tambayi iyakar totur, dokoki da yawa juyin inji 2000 a minti suke tsayarwa.

Kunnenka kuma. Masana lafiyar wurin aiki sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin 3 lokacin ya ragu da rabi, a 100 saura minti 15. Kai kuma kana maganar 140. Manyan 'yan gasa daga waje suke tsayawa da rimot, motar ba kowa a ciki. Yi haka. In dole sai ka zauna, toshe kunne sannan ka ɗora na rufewa a kai, kuma kada ka bari yaro ya shiga ko da ubansa ne ya ce. Ni kunnena na hagu har yau yana min kukan gyare in dare ya yi tsit.

In ba Bass Race ba ce, da an ba da alama, kai murya kan iyakarka kai tsaye, riƙe daƙiƙa biyu zuwa uku, saki. Ido ɗaya a kan mitar wuta. In akwai zagaye na biyu, buɗe but, bar inji ya mayar da caji, kada ka taɓa GAIN. Ɗora bayan hannunka a tsakiyar wufar: ɗumi ba komai, zafin da ba ka iya jurewa ko ɗan ƙauri yana nufin ka haƙura da zagayen. Rubuta lambar da ka samu, da ƙarfe nawa, da bolt nawa mita ta sauka, da inda akwati ya kalla. Kafin ka kama hanyar gida, mayar da dogon bututu, daidaita SUBSONIC da shi, ka sake bin nocin batir da sifana, don girgiza tana kwance su.